Bunsuru Mai Karyayyen Ƙaho

Da safe Tsohon Direba ya buɗe kabad ɗin gilashi zai goge awakinsa, ya tarar babu bunsuru mai karyayyen ƙaho.

Awakin tsauni ne na roba, ba su wuce tafin hannu ba, amma har gashin gemunsu an fitar. Tun yana jan babbar mota ta hanyoyin tsaunuka yake tara su. Yanzu da gwiwa ta ƙi, kabad ɗin nan ne tsaunukansa.

Ya sa aka kira Sajan, maƙwabcinsa ɗan sanda. Sajan ya shigo yana ƙunshe dariya, don bai taɓa bin sawun akuyar da ba ta cin ciyawa ba. Da ya ga idon tsohon, dariyar ta koma ciki.

"Baba, wa kake zargi?"

"Ɗan hayana, dillalin kayan wasan yara. Yau zai bar min gida."

Sajan ya ja ƙofar kabad ɗin, ta yi ƙara har cikin haƙori.

"Sai an ɗaga ta kaɗan take buɗewa shiru," in ji tsohon. "Jiya da rana a kujerar nan na yi barci, ban ji komai ba."

Aka kira ɗan haya. Sajan ya ce ya buɗe kabad ɗin, ƙofar ta sake tsala ihu.

"Yallaɓai," in ji ɗan hayan, "in sata zan yi, sai in bar lafiyayyu in ɗauki mai ƙahon da aka liƙe da gam? Ko kyauta ba mai karɓarsa."

'Yar aikin gidan kuwa jiya tana asibiti wajen mahaifiyarta, kowa ya shaida.

Sajan ya durƙusa ya ƙura wa awakin ido. Manyan suna jere, amma an tura ƙananan ƙarƙashin uwarsu.

"Baba, haka kake jera su?"

"Ni a layi nake sa su. Mutum ɗaya ne yake cewa sanyi zai kama..."

Auta yake nufi, ɗansa, wanda ya karya ƙahon yana ƙarami. Shekarun baya suka yi cacar baki kan sayar da motar, tsohon ya ce kar ya ƙara taka masa gida. Yaron kuwa ya gaji taurin kan, bai ƙara ba. Kewarsa ta ci tsohon, amma ko sunansa ba ya ambata.

Sajan ya juya ga matar gidan, wadda ke tsaye bakin kicin.

"Mama, ɓarawon nan ya san sirrin ƙofa, ya ɗauki abin da ba ya sayuwa, ya kuma tsaya lulluɓe 'yan awaki. Wa kika buɗe wa gida jiya?"

Hawaye ya zubo mata, ta dubi mijinta.

"Auta ne ya zo. Ya daɗe tsaye a kanka kana barci. Na ce ya tashe ka, ya ce ba zai iya ba. Ɗansa zai kai wa bunsurun."

"Ɗansa?" Tsohon ya dafa kujera. "Ina da jika?"

Sajan ya gyara hula. "Baba, a shigar da ƙara?"

Tsohon ya juya ga kabad ɗin. Ya miƙa hannu zai mai da ƙananan layi, sai ya fasa.

"Ki kira shi," ya ce wa matarsa. "Ki ce ƙahon yakan ɓalle, kuma gam ɗin yana wurina."