Hular Madu

Allah sarki Siddiƙa! Rana tsaka tana zaune a tsakar gidan Hajja a unguwar Hausari, allura a hannu, idanu jawur, gyangyaɗi na fizgarta amma barcin ya ƙi zuwa. Shekara biyu ke nan da 'yan daji suka shiga Konduga ta gudo da 'yarta Ammatullahi, mijinta Madu kuwa ko labarinsa babu. Tun ranar ba ta ƙara barcin kirki ba, da ta rufe ido sai ta ji kamar sallamarsa a bakin ƙofa. Abinci ya fita ranta, magana ta yi mata nauyi, abin da ya rage mata hular da take ɗinka masa ce, mai zanen zangarniyar gero da ita kaɗai ta iya...

Hajja yayar Madu ce, ba ta taɓa haihuwa ba, idonta kuma yana kan yarinyar. Ta bi unguwa tana cewa Siddiƙa ta taɓu, ta raba ta da 'yarta, hular ma ta ƙwace ta kai Kasuwar Kwastam ta sayar.

"Ya Hajja, ki bar min 'yata ko da rana ce," Siddiƙa ta roƙa tana hawaye.

"Mahaukaciya ba ta riƙon 'ya."

Maƙwabciyarsu Dorothy, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Ba hauka ba ne, Hajja. Rashin barci ke ƙara mata baƙin ciki, baƙin cikin ya hana ta barci. A kai ta asibiti." Hajja ta ja tsaki. Siddiƙa ta ɗaga hannu, "Ya Allah, Kai ka san halin da nake ciki."

Ashe Madu yana raye! Tun bara ya kira Hajja daga Yola, ta rantse masa matarsa da 'yarsa ba su tsira ba, don kada ya zo ya ɗauke yarinyar. Ranar da ya rako motar kaya kasuwar, ya hango zanen zangarniyar nan a rumfar mai huluna, sai ya gane ɗinkin matarsa ne, ya sayi hular.

Da hular a kansa ya yi sallama a gidan Hajja. Ya kwashe iyalinsa a gaban maƙwabta, ya bar Hajja a gidan da har yau ba mai leƙa ta.

A keke, kan hanyar asibiti, kan Siddiƙa ya sauka a kafaɗarsa. Madu ya taɓa mai keken.

"Malam, bi a hankali. Barci take yi."