Sikelin da Ya Auna Iska

"Wato sikelina ne yake ƙarya?"

Muryar Baba ta cika shagon. Ina bayan labule, ina jin komai.

Aubin ya sunkuyar da kai. "Maigida, ka gafarce ni... Na auna dalma, na ƙona ta, na sake aunawa, sai ta ƙara nauyi. Abin da wuta ta ci ai raguwa yake yi."

"Shekara talatin ina ƙera sikeli a Dijon, ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba. Fita! Ka kuma manta da Perrine."

Ni ce Perrine. Aubin kuwa mai binciken sinadarai ne, ga ilimi kamar me, amma ko kaɗan bai iya bakinsa ba. A haka nake son abina.

Kafin mako ya zagayo, Firmin mai shagon magani, wanda na ƙi aurensa tun bara, ya baza wa gari cewa sikelin Babana Gaspard na da ha'inci. Sannan ya zo da kwalbar giya wai jaje, Baba har da ba shi kujera. Ranar na sha kuka.

Na sami Aubin a ɗakin bincikensa, duk ya rame.

"Perrine, rabin raina..."

"Ajiye rabin ran nan tukuna. Ban da wuta, me yake taɓa dalmarka?"

"Babu komai... sai iska."

"To toshe mata hanya mana. Mama ma toshe kwalba take yi in ta dafa 'ya'yan itace."

Ya zuba min ido kamar yau ya fara ganina.

Da ƙyar na shawo kan Baba ya yarda a sake gwaji. Ranar Lahadi bayan coci, maƙwabta suka cika shagonmu, Firmin na gaba-gaba a kan kujerar da Baba ya ba shi. Aubin ya zuba dalma a kwalbar gilashi, ya narkar da bakinta ya liƙe. Baba ya auna da hannunsa. Aka gasa ta har dalmar ta yi baƙi, ta huce, aka sake aunawa.

Nauyin bai motsa ba.

Aubin ya ɓalle bakin kwalbar. Kowa ya ji fiii, iska ta afka ciki. Ya ɗora kwalbar da guntun bakin a kan sikeli, sai ya rinjaya, nauyin 'yan ƙwayoyin alkama kacal.

Baba ya duƙa ya duba sikelin.

"Kana nufin... iska sikelina ya auna?"

"Ita ce take shiga dalmar, Maigida. Ni ne jahilin, sikelinka gaskiya ya faɗa."

Baba ya share ido da hannun riga, ya juya ga Firmin.

"Tashi, yaro. Kujerar surukina ce."

Yau ɗaliban Aubin har daga Paris suke zuwa, abin da yake fara koya musu shi ne su auna kafin wuta, su auna bayanta. In suka tambaye shi wa ya gano sirrin kwalbar, sai ya nuna ni.

Ya dai koyi magana, daga ƙarshe.