Maganin Keji Ya Yi Araha

"Na samo, Keji! Na rantse na samo!"

Diran ya faɗo shagon ɗinkinta da ke Mokola yana haki, riga sharkaf da gumi, yana kaɗa wata takarda kamar wanda ya ci jarrabawa.

Keji ko ɗagowa ba ta yi ba. Sati uku ke nan rabon da ta sa shi a ido, tun ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa. Ta durƙusa har ƙasa, ta yi duk ladabin da ake so, amma da aka dire mata malmalar sakwara, loma uku ta yi ta janye hannu. A Ibadan kuwa, wa ya isa ya bar abincin uwar miji? Iya Diran ta tsare ta da tambaya, ita kuma Keji ba ta iya ƙarya ba. Ciwon sukari gare ta, kullum sai ta sha ƙwaya mai haɗe da magani biyu.

Washegari tsohuwar ta taka da ƙafarta har kemis ta tambayo kuɗinsa. Tana dawowa ta ce ɗanta ba zai auri wadda za ta shanye masa albashi ba.

"Dubi nan, masoyiyata," ya shimfiɗa takardar a kan yadin da take ɗinkawa. "Kemis goma sha ɗaya na shiga, daga Dugbe har Agbeni. Akwai irinsa na wani kamfani, haɗin duk ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. Naki dubu talatin da biyu a wata, wannan dubu tara! Har likitarki na kai wa, ta ce ba matsala."

Zuciyarta ta karye. Tana son bawan Allahn nan, so mai ciwo, ga shi duk ya rame a kan yawon nema.

"Ka wahala, Diran…"

"Wace wahala? Yanzu Mama za ta yarda! Jiya na nuna mata, ta ce in dai dubu tara ne, to, a kawo ki."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinkin.

"In dai dubu tara ne?"

"Haka ta ce!"

"Kai kuma me ka ce?"

"Na… na yi mata godiya mana."

"Godiya!" Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "To baɗi in ya koma dubu ashirin fa?"

"Sai in sake nemowa."

"In ba ka samo ba? In likita ta ce allura zan koma? Ciwon nan ba ya warkewa, Diran, da shi zan tsufa. Za ka iya duban idon Mama ka ce ko nawa ne Keji kake so?"

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen yadin.

Shirun nan ya fi mata zagi zafi. Ta linke takardar ta sa a jaka.

"Wannan zan riƙe, na gode, za ta yi min amfani." Ta zare zoben alkawarinsa ta danƙa masa a tafin hannu, hawaye na gudu a kumatunta, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Keji, don Allah… rayuwata…"

"Ka gaida Mama. Ka ce mata maganin ne ya yi araha, ba ni ba!"