Ranar da Sufyan Ya Yi Waƙa a Jidda

"To ka zaɓa mana, Sufyan! Ko ni, ko su!"

Maganar ta kuɓuce wa Raihana kafin ta auna nauyinta. Sufyan ya ajiye kofin shayin da ya riga ya huce a hannunsa, ya zuba mata ido. Suna zaune a falon baƙi na gidan su Raihana da ke unguwar Shisha a Makka, wata guda kacal ya rage a ɗaura musu aure.

"Habibti, masoyiyata, ban ce zan tafi in bar ki ba. Cewa na yi mu tafi tare..."

"Abba fa? In sa shi a akwati?"

Sufyan ya sunkuyar da kai. Ya san halin da ake ciki. Tun rasuwar Umma kan Abba ya fara rikicewa. Mutumin da ya tsufa yana sayar da turare a Misfala, wanda ya san kowane lungu na Makka, yau hanyar banɗaki ɓace masa take yi. Ba ya karɓar abinci ko magani daga hannun kowa sai na Raihana.

Shi kuwa Sufyan, ɗan unguwar Rusaifa ne, mai aiki a kantin magani. Lokacin da yake karatu a Alƙahira wani malamin kiɗa ya ji muryarsa, mai kauri da zurfi, irin wadda ake kira bariton, ya riƙe shi ya koya masa waƙa. Ya dawo gida ya ci gaba da atisaye shi kaɗai a ɗaki. Sai bana, da wata babbar ƙungiyar makaɗa daga Turai ta shirya wasa a Jidda, suka nemi ɗan ƙasa da zai rera waƙoƙi tare da su. Shi suka ɗauka. Bayan kwanaki ana atisaye, jagoran makaɗan ya ce yana son tafiya da shi ƙasarsu, ya ƙaro karatu, ya zama nasu.

"Halas, shi ke nan," in ji Sufyan a hankali. "Ke na zaɓa. Zan gaya musu ba zan je ba."

"Da gaske kake?"

"Wallahi. Alfarma ɗaya nake nema. Ki zo ranar Asabar ki ji ni. Shi ne na farko, shi ne na ƙarshe."

Ta yi murmushi, amma da ya juya zai fita ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka.

Ranar Asabar yayanta Usama ya ɗauke ta a mota bayan azahar. Matarsa Nadiya ta zo za ta zauna da Abba.

"Anti Nadiya, ki daka masa maganin, ki sa a kindirmon zabadi. In ya tambaye ni ki ce na je kasuwa."

"Yalla, tafi abinki. Yini ɗaya ne, me zai faru?"

Raihana ba ta taɓa shiga wuri irin wannan ba. Zaure ne makeke, cike da mutane, amma da aka rage fitilu ko tari ba ka ji. Makaɗa sun cika dandamali, wasu da goge ƙanana a kafaɗa, wasu da manya a jingine da ƙirji, ga masu sarewa, ga masu ƙaho a baya. Wani dattijo mai farin gashi ya ɗaga siririyar sanda, kiɗa ya taso a hankali, ya yi ta hauhawa har ta ji kujerarta na rawa. An daɗe ana yi babu mai waƙa. Yaya Usama ya sunkuyo ya raɗa mata, "Wai ina angon namu? Ko ya gudu ne?"

Sai ga shi ya fito cikin baƙar kwat.

Ya tsaya a gaban makaɗan. Dattijon ya dube shi, ya gyaɗa kai. Sufyan ya ja numfashi ya buɗe baki.

Babu lasifika a gabansa, amma muryar ta ratsa makaɗan nan duka ta iso har inda take. Da Jamusanci yake yi, ba ta gane ko kalma ɗaya ba, sai dai ta ji tsigar jikinta na tashi. Wannan ne Sufyan ɗinta? Mai tsayawa bayan kantar shago yana miƙa maganin mura, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron damun mutane? Fuskarsa ta sake, ƙirjinsa ya buɗe. Tunda ta san shi ba ta taɓa ganin shi haka ba, ko a ranar da ya sa mata zoben baiko.

Matar da ke gefenta ta sa gefen mayafi tana share ido. Da ya kai ƙarshen waƙa ta ƙarshe, ya riƙe sautin har ya narke. Sannan mutane suka miƙe tsaye da tafi. Dattijon ya sauko ya rungume shi. Sufyan na ta waige-waige yana neman ta cikin taro, yana dariya, hawaye na zuba.

Raihana ta kasa tashi. Abu ɗaya ke yawo a ranta: wannan baiwar ce na ce ya binne saboda ni.

Suna fitowa Yaya Usama ya kunna wayarsa, ya ga kiran Nadiya a jere. Ko gaisawa da Sufyan ba su tsaya yi ba. Sun iso Shisha ana kiran isha'i, suka tarar da Abba zaune a ƙasa bakin ƙofa, goshinsa ɗaure da bandeji. Nadiya na kuka.

"Tun la'asar yake neman ki. Ya ƙi ci, ya ƙi sha. Na shiga kicin kawai, ashe ya buɗe ƙofa, ya zame a matakala..."

Abba ya kama hannun Raihana da hannayensa biyu.

"Ina kika tafi kika bar ni da baƙi?"

"Ga ni, Abba. Na dawo."

Washegari da la'asar Sufyan ya zo, da kwalin alawa, fuskarsa har yanzu tana sheƙi. Ya duba Abba da ke barci, ya yi masa addu'a, suka koma falo.

"Yau da yamma zan kira su in ba su haƙuri," ya ce.

"Kar ka kira."

Ta zare zoben ta ajiye a kan tebur. Ya dubi zoben, ya dube ta.

"Raihana, mene ne haka? Na yi miki laifi?"

"Na ji ka jiya, Sufyan. Da ban je ba, da na aure ka hankalina kwance. Amma na gani da idona. In ka zauna, kullum zan riƙa kallon ka bayan kantar nan ina sanin abin da na kashe."

"Ni na zaɓa! Ba ki tilasta ni ba!"

"Na tilasta ka. Ka san na yi."

"Tayyib, na ji, a ɗaura auren. In tafi, in riƙa zuwa hutu."

"Yau kana wannan gari, gobe kana wancan, shekara da shekaru. Ni mata a waya, kai miji a hoto? Kuma na san ka, rana ɗaya ka ji muryata ba daɗi za ka watsar da komai ka dawo."

Ya zame daga kujera ya durƙusa a gabanta, muryar nan da ta cika zaure jiya tana karyewa.

"To zan jira ki, ya galbi, ke zuciyata. Ko shekara nawa ne. Har..."

"Har me?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ƙarasa mana! Har Abba ya rasu? Kana so in riƙa kai masa abinci baki ina lissafin ranar da zan huta? Wallahi ba zan iya ba, Sufyan. Ina so in roƙa masa tsawon rai da zuciya ɗaya."

Ya kifa kansa a hannun kujera, suka yi kuka mai isarsu, babu mai lallashin wani. Can ya miƙe, ya ɗauki zoben.

"Ki yafe mini, Raihana."

"Ba ka yi mini komai ba. Je ka. Allah Ya ɗaukaka ka."

Ta tsaya tana jin takunsa a matakala har ya ɓace. Sai ta ji tarin Abba daga ɗaki. Ta goge fuska ta shiga, ta same shi ya farka yana lalubar filo.

"Wa ya zo?"

"Baƙo ne, Abba. Ya tafi."

Ya ƙura mata ido, ya ɗaga yatsunsa ya taɓa kumatunta.

"Yarinya, wa ya sa ki kuka? Gaya mini. Ina babanki yake, ya bari ana taɓa ki?"

Raihana ta durƙusa, ta kwantar da kanta a cinyarsa.

"Yana nan, Abba," ta ce. "Yana nan tare da ni."