Saurayin Auta Ba Shi Da Uba

Auta na goge kujerun falo sai ga Gwaggo, ƙanwar babanta, ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Yaya! Ashe yaron da ke neman 'yarka a gidan marayu ya tashi? Tsintacce ne!"

Baba ya kashe rediyo. Dattijo ne a coci, mutumin kirki kuma, amma in aka taɓo maganar asali sai ya wuni yana jero maka kakanninsa.

"Gaskiya ne, Auta?"

"Baba, ai ka san Dogo. Shi ke kaɗa jita duk Lahadi, kai da bakinka kake ce masa ɗan'uwa—"

"Wannan a coci ne!" ya daka mata tsawa. "Nan gidana ne! In jikokina suka tambayi dangin ubansu, me zan nuna musu? Bencin coci?"

"Kwashe-kwashe kawai!" in ji Gwaggo.

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura. Ta kira Dogo a waya, ta ce su gudu.

"Sori, Auta, ba zan iya ba," ya ce. "Na san zafin rashin gida, ba zan raba ki da naki ba. Mu yi haƙuri."

Haƙurin kuwa ya yi ɗaci. Baba ya daina amsa gaisuwarta, Gwaggo kullum tana tafe da hoton ɗan wani da take so Auta ta aura.

Wata safiya suka durƙusa addu'a. Baba ya fara, "Ubanmu…" Kowa ya amsa ban da Auta.

"Ke! Bakinki ciwo yake?"

"Baba, tsoron yi wa Allah ƙarya nake," ta ce, hawaye na zuba. "Wannan 'mu' ɗin, da Dogo a ciki ko ban da shi?"

"Rashin kunya!" Gwaggo ta zabura.

Baba ya harare ta, ya sake buɗe baki zai ci gaba, sai kalmar "Ubanmu" ta gagare shi. Ranar dai ba a ƙarasa addu'a ba.

Ran Lahadi, ana tashi daga sujada, Baba ya tare Dogo a bakin ƙofar coci.

"Ka turo manyanka."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, ba ni da kowa."

Baba ya juya shi ya fuskanci jama'ar da ke fitowa, tsofaffi da yara. "Duk waɗannan fa? Kada ka maimaita kuskurena, ɗana."

Har aka yi bikin Gwaggo ba ta saki fuska ba, amma ta zo. Auta kuwa ta ci ribar haƙurinta. Duk wanda ya kira Allah Uba, ba shi ke zaɓar 'yan'uwansa ba.