Hannun da Aka Ce Ya Mutu

"Ba inda za ni, Yaya."

Yaya Babba ya saki akwatina, ya juyo kamar bai ji daidai ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ba inda za ni. Nan ne ɗakin mijina."

"Miji? Wannan da ko sunanki ba ya iya kira?" Ya nuna Malam da ke zaune a keken guragu kusa da piyanonsa. "Mama ce ta aiko ni. Ofishin lauyoyin nan har yanzu suna jiran ki. Karatun da muka ci wuya a kansa, a jinya za ki ƙarar da shi?"

"Yana jin ka fa. Bakinsa ne ya mutu, ba kunnensa ba."

"Ya ji mana! In kin zauna, ba ni ba ke!"

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Ya buga ƙofa ya fita, ni kuwa na mayar da akwatina ɗaki.

Malam malamin kiɗa ne a makarantar sakandare, gidan da muke ciki ma na makarantar ne. Aurenmu bai shekara ba shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da hannunsa na dama da maganarsa. Kalma ɗaya tak ta bar masa: "A'a."

Washegarin tafiyar Yaya na je wurin shugabar makaranta. Ba ta ɓoye mini ba: in hutu ya ƙare bai iya koyarwa ba, dole a ba wani ajin, har da gidan.

"Zai koyar," na ce. "Ni ce bakinsa."

"'Yar nan, kin iya karanta rubutun kiɗa?"

"Wadda ta karanta doka? Wannan ai wasa ne."

Ashe cika baki na yi. Da na buɗe littafinsa, sai na ga layuka biyar a jere kamar igiyar shanya, an rataye musu ludaye, wasu baƙaƙe wasu farare. Na karanta bayanin: mai farin kai ba sanda, bugu huɗu, mai farin kai da sanda, biyu, baƙi da sanda, ɗaya, in ya yi wutsiya, rabi. Duk wanda ya hau sama, sautinsa ya yi sama. Kowane layi da kowane filin da ke tsakanin layukan da sunan sautinsa, irin su *mi*, *fa*, *so*, *la*. Na haddace tsaf, amma da na zauna gaban piyano sai komai ya watse.

"Wannan *so* ne ko?"

"A'a."

"*La*?"

"A'a."

"Haba rabin raina, duk kalmomin duniya ka rasa wadda za ka riƙe sai wannan? Ko a ranar da na ce ina son ka, da ita ka amsa da na huta!"

Gefen bakinsa mai rai ya motsa. Dariyarsa ke nan yanzu.

Kwanaki suna tafiya, ni kuwa ina nan ina ɗaukar layi a matsayin fili, fili a matsayin layi. Wata safiya, bayan na yi masa wanka, tukunya ta ƙone, wayar Mama ta ƙi shiga, sai na yi jifa da littafin.

"Na gaji! Ka yi magana mana, Malam! Ko kalma ɗaya... don Allah..."

Ya kalle ni. Sannan ya janye tawul ɗin da yake rufe hannun damansa da shi. Tun da ciwon ya same shi, ko ni ba ya so in kalli hannun nan. Ya ɗago shi da na hagu, ya kwantar da shi a gicciye gaban ƙirjinsa, ya yi mini alama in ware yatsun.

Na ware su, sanyi ƙalau. Biyar... da fili huɗu a tsakaninsu, kamar layukan littafin.

Ya nuna ɗan ƙaramin yatsa da haɓarsa, ya saki sauti ta hanci, ƙasa-ƙasa.

"*Mi*... layin farko!"

Ya lumshe ido. Na sa yatsana a filin da ke bisa, sautin ya ɗan hau.

"*Fa*!"

Na taɓa yatsan zobenmu.

"*So*..."

Haka na hau har babban yatsa, yana rerawa ina faɗa, hawayena na ɗiga a tafin da ba ya jin ɗuminsu. Rabon da in ji muryarsa ta yi wani abu ban da musu, har na manta.

Ranar da aka koma makaranta na tura shi gaban aji, na ɗaga hannun nan sama. Wasu suka fara ƙus-ƙus.

"Wanda ya gama dariya ya ɗaga nasa hannun," na ce. "Yau kowa da littafinsa ya zo, bai sani ba."

Kafin a kaɗa ƙararrawa, ajin gaba ɗaya na hawa daga *mi* zuwa *fa* na sama. In na kuskure, sai a ji "A'a!" daga keke, yara su kwashe da dariya. Shugaba tana tsaye a taga. Tun daga ranar ba ta ƙara zancen gida ba.

Kada wani ya ce mini na ci riba kawai. Ofishin lauyoyi sun ɗauki wata. Rigata ta kotu tana ƙasan akwati, ban taɓa sa ta ba. Auren ƙanwata a bakin maƙwabta na ji shi. Yaya ya cika alkawarinsa, Mama kuwa in ta ga lambata sai ta kife wayar. Malam har yau bai kira sunana ba, likita ma ya ce kada in sa rai.

Na rasa aikina, na rasa gidan iyayena. Ina sane na zaɓa, kuma gobe da safe ni zan tura keken nan zuwa aji.