Layi Ɗaya a Takardar Dogo

Wata bakwai ke nan ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsu ba ta ga kaki ba. A nan Dogo yake rataye kayansa na soja tun ranar da suka tare, a goge tas, karin wandon kamar zai yanka yatsa. Ranar da aka sallame shi aka karɓe komai, har bel da hula. Matarsa Auta, wadda tela ce, ta gaji da ganin ƙusar wayam, sai ta mai da ita wurin rataye tef ɗin awonta.

Da safiyar nan ma yana bakin gado, takardar sallamar a hannunsa, shayi ya huce a gabansa.

"Kofur, shayin nan fa ba zai sha kansa ba," in ji Auta, ƙafarta a kan keke.

"Ki daina ce mini Kofur. Kofur ɗin wa?"

"Nawa mana! Ni dai ban sallame ka ba."

Bai yi dariya ba. Ya sake duba layin da ya riga ya haddace: "An sallame shi saboda rashin ƙwazo. Ba za a sake ɗaukarsa ba." Shekara huɗu na ɗan mutum aka dunƙule a layi ɗaya! Ko ɗan aji biyu ya faɗi jarrabawa, ana kiransa a tambaye shi abin da ya faru. Dogo ya faɗi gwajin harbi sau uku a jere, amma ba a sami mutum ɗaya a barikin nan da ya zaunar da shi ya ce, "Me ke damunka?" ba. Abokan da ke tsokanarsa da Ɓata-Harsashi duk sun ɗauke ƙafa. Yanzu har tsokanar yake kewa. Wayarsa kan wuni ba ta yi ƙara ba.

Ran nan da hantsi Baba, mahaifin Auta, ya aiko ta zo. Ta same shi a falo da babban yayanta, fuskokin nan babu annuri.

"Auta," in ji Baba, "ba korar ce ta fi ƙona mini rai ba. Aiki na Allah ne. Amma sau uku ina tsaye a tsallaken titi ina ɗaga wa mijinki hannu, ya dube ni tsaf, ya kau da kai ya wuce. Ni!"

"Baba, wallahi ba halinsa ba ne..."

"Ke rufe mana baki!" Yaya ya katse ta. "Gwamnati ma ta auna shi ta ga ba shi da amfani, ke ce za ki gyara shi? Rago, ga girman kai. Haba!"

Baba ya ce, "Na ba ki zuwa ƙarshen wata. Ki kwaso kekenki ki dawo gida."

Ta durƙusa tana kuka, tana cewa su yi haƙuri, su yi mata rai.

A ƙafa ta komo, don kada mutanen mota su ga idanunta. Tana shiga layinsu ta hango Dogo tsaye a ƙofar gida, fuskarsa na kallon inda take. Duk da nauyin zuciyarta ta ɗaga masa hannu. Ko gezau. Ta sake ɗagawa, har da kaɗa gyale. Shiru. Sai da ya rage taku kamar goma tsakaninsu fuskarsa ta saki, ya ce, "A'a, har kin dawo?"

Nan wani zargi ya ɗarsu a ranta. Suna shiga ɗaki ta zaunar da shi a bakin gado, ta nuna agogon da ke bangon can.

"Ƙarfe nawa?"

Ya yunƙura zai tashi.

"A'a! Daga nan za ka faɗa mini."

Ya ƙanƙance idanu. Ya daɗe. Can ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe, Dogo?"

"Shekara biyu," ya faɗa a hankali. "Na kusa ina gani. Na nesa kamar hayaƙi. A bariki kowa cewa yake duk wanda ya kai ƙarar idonsa ya gama aiki. To ranar duba lafiya sai in tsaya a bayan layi, in saurari haruffan da na gabana ke karantawa, in haddace. Amma allon harbi ba a haddace shi, Auta."

"Innalillahi! Ka bari aka kira ka rago, ka bari Baba ya ɗauka raina shi kake, duk don gudun tabarau?"

"Kin taɓa ganin soja da gilashi?"

"Na ga soja ba kaki, ga shi a gabana! Tashi mu je."

A asibitin ido ba a yi awa ɗaya ba aka gano matsalar. Likitan ya ce tabarau kawai yake buƙata, kuma akwai sojoji da yawa masu sa shi suna aikinsu. Ranar da Dogo ya karɓo nasa, ya tsaya a bakin titi ya kasa tafiya. Ashe ganyen bishiya ɗai-ɗai ne. Ashe daga nan ana karanta lambar mota. Auta ta tsallaka can gefe ta ɗaga yatsu uku, ya ɗaga mata uku, hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin gilashin.

Washegari ya je ya durƙusa gaban Baba ya faɗi komai. Yaya ya sheƙe da dariya. "Sabon salo! An sayo gilashi a wanke laifi." Baba bai yi dariya ba, amma bai sauko ba. Ya ce, "Takarda ce ta kira ka rago. Ka kawo mini takardar da ta janye maganar. Kafin nan, tunda Auta ta zaɓi zama, ta zauna. Kada dai in ga ƙafarta a gidana."

Akwai kwamitin da ke sake duba takardun waɗanda aka sallama. Dogo ya cike fam ya kai. Bayan mako shida aka dawo da shi, wai babu hatimin likita. Ya sa hatimi ya mayar. Bayan wata biyu aka sake dawo da shi, wai hoton da ya liƙa babu tabarau, alhali rahoton likitan ya ce yana sawa. Wannan ba a iya faɗa masa tun farko ba? Waɗanda suka yanke masa hukunci da layi ɗaya, su ne yanzu suke bin takardarsa harafi-harafi!

Duk Litinin yana kan dogon bencin da ke barandar ofishin, fayil a cinya. Masu kaki su wuce, waɗansu tare suka yi horo, su yi kamar suna duba waya. Magatakarda ya leƙo ta taga ya ce, "Oga bai zauna ba, sai wani satin." Auta kuma tana gida ita da ƙarar keke. Takan kira wayar Baba ta yi ta ringi har ta katse. Yayarta ta haihu, a bakin wata mai kawo ɗinki ta ji. Ta ɗinka wa jaririn riguna uku, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati.

Wata rana Dogo ya dawo ya ajiye fayil ya ce, "Auta, ki koma gida. Na raba ki da kowa."

Ba ta ɗago daga ɗinkin ba. "Ka goge gilashinka da kyau, Kofur. Ka ga alamar mai tafiya a nan?"

A wata na tara aka kira shi. Hafsoshi uku ne a bayan tebur. Ta tsakiyar, mace mai furfura, ta tambaye shi yadda ya riƙa cin gwajin ido alhali ba ya gani. Dogo ya faɗi gaskiya, bai rage komai ba.

"Ka san laifi ne?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

Ta juya fayil ɗin gaba da baya. "Sau uku ka faɗi harbi. Ba wanda ya tura ka asibiti?"

"Babu."

Ta dubi na damanta, ta dubi na hagunta. Aka kai shi filin harbi da tabaransa. Cikin harsashi goma, tara suka shiga.

Sabuwar takardar ma layi ɗaya ce: "Ya cancanci sake neman shiga." Ba a mayar masa da igiyarsa ta kofur ba, saboda ɓoyon da ya yi. Daga farko zai soma, cikin sababbin ɗauka. Wannan daidai ne, ya karɓa. Amma waɗanda suka sa hannu a takardar farko ba tare da tambaya ba, har yau ba wanda ya ce da su kanzil, kuma ba daidai ba ne.

Suna kan hanyar gidan Baba da takardar, Auta rungume da rigunan jariri da suka riga suka yi kaɗan, sai Dogo ya tsaya cak. Can tsallaken titi, bakin wani shago, wani dattijo ne tsaye. Bai ko ɗaga hannu ba. Dogo ya ratsa motoci ya je ya zube a gabansa.

"Barka da yamma, Baba."

Baba ya karɓi takardar ya karanta sau biyu. Ya daɗe yana kallon tabarau ɗin. Sannan ya ce, "Ashe ni ma ban tambaya ba. Tashi, ɗana. Auta, wuce mu je gida, uwarki ta ƙi barina in huta."

Bayan wata shida Auta ta cire tef ɗinta daga ƙusar, ta rataya kaki.

Yara, ku riƙe wannan. Lalurar da aka ɓoye don kunya ita ke komawa abin kunya. Wanda kuma aka ba alƙalami a kan rayuwar wani, uba ne ko shugaba, ya tambaya kafin ya rubuta. Haƙurin Auta ya dawo mata da mijinta da mahaifinta, amma watannin da ta yi ita kaɗai, da an yi tambaya ɗaya, da ba ta yi su ba.